BAIKO BA ADASHI BA NE

 Maganar da na ɗauko a wannan fitowa ba kowa za ta yi wa daɗi ba, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Akwai wata koyarwa da ta shigo ikkilisiyoyinmu. Ta fara bi ta talabijin da faifan wa'azi, yanzu kuma ta wayar hannu, har ta kai ƙananan majami'un karkara inda masu sujada ba su cika 50 ba. Sunanta "shuka iri." Ana gaya wa mai bi cewa in ya sa naira 5,000 a hannun bawan Allah, Allah zai mayar masa da 500,000. Macen da ke neman haihuwa ta shuka iri. Saurayin da ya gama makaranta ba aiki ya shuka iri. Mai ciwo ya shuka iri tun kafin ya ga likita. A wasu tarurrukan farkawa har layi ake kira: masu dubu 50 su fito gaba a ɗora musu hannu, masu dubu 10 su miƙe tsaye inda suke, sauran su ɗaga ambulan ɗinsu sama. Wanda bai zo da ko sisi ba ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da kayan sata a gidan Ubansa.

Bayarwa da hidima suna girmar da mai bi. Wannan gaskiya ce, Littafi Mai Tsarki ya koyar da ita daga farko har ƙarshe. Amma dalilin da ya sa suke girmar da shi shi ne suna raba shi da son kansa. Duk koyarwar da ta mai da baiko jari, tana ciyar da son kan nan ne da ya kamata baiko ya kashe.

Iyayenmu mata sun san adashi. Mata 10 su haɗu, kowace ta zuba nata duk mako wurin uwar adashi, a bi layi kowace ta kwasa. Abu ne mai amfani, ya aurar da 'ya'ya da yawa, ya biya kuɗin makaranta. Amma ba wanda ya taɓa kiran mai zubin adashi mai kyauta. Tana zubi, idonta na kan ranar kwasa. In ta shekara 20 tana yi, ba za ta ƙara tausayi ba saboda zubin, lissafi kawai za ta ƙara iyawa. Abin da ake so a mai da baikonmu ke nan, a mai da Allah Maɗaukaki uwar adashi.

DAGA INA TA FITO?

Ba a Urushalima aka haifi wannan koyarwa ba. Wanda ya fi kowa yaɗa ta shi ne wani mai wa'azi na ƙasar Amurka, Oral Roberts, mutumin jihar Oklahoma, wanda ya buga littafi a kanta a 1970. Ta sami gindin zama a Nijeriya bayan 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin SAP, naira ta faɗi, ma'aikata suka rasa aiki, albashi ya daina kai ƙarshen wata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da mudun masara da kuɗin mota suka yi tashin gwauron zabi, kasuwar masu sayar da albarka ta sake buɗewa. Koyarwa ce da ke ƙiba lokacin da jama'a suke ramewa.

Ba mu kaɗai muka ga haɗarinta ba. A 2008 da 2009 malaman tauhidi na Afirka sun zauna a Akropong ta ƙasar Gana ƙarƙashin ƙungiyar Lausanne, suka fitar da matsaya cewa wannan koyarwa tana murɗe Nassi, tana kuma cutar matalauta. Babban taron Lausanne da aka yi a Cape Town a 2010, inda shugabannin ikkilisiya wajen 4,000 suka hallara daga ƙasashe 198, shi ma ya yi tir da ita. Tun kafin su, a 1517, abin da ya tayar da Martin Luther a Jamus ke nan: wani mai wa'azi da ake kira Tetzel yana yawo gari gari yana sayar da takardun gafara. Tun kafin Luther kuma, a Ayyukan Manzanni sura 8, Siman mai sihiri ya miƙa wa Bitrus kuɗi domin ya sayi ikon Ruhu Mai Tsarki. Bitrus bai ce masa ya shuka iri mai kyau ba. Ya la'anci kuɗin, ya ce masa ya tuba.

AYOYIN DA AKE MURƊEWA

Masu wannan koyarwa ba su zuwa hannu banza, da ayoyi suke zuwa. Ina roƙon kowane mai karatu ya buɗe Littafinsa ya duba abin da ke gaba da bayan kowace aya da kansa.

Suna son Luka 6:38, inda aka yi maganar mudu a cike, a danne, har yana zuba. Amma aya uku kafin nan, a 6:35, Yesu ya umarce mu mu ƙaunaci maƙiyanmu, mu ba da rance ba tare da sa ran a mayar mana ba. Yaya za a ɗauki wa'azin da ya hana sa ran biya a mai da shi alkawarin riba? Dukan wurin maganar jinƙai da gafara da barin yanke wa juna hukunci yake yi.

Suna son riɓi 100 na Markus 10:30. Ka karanta ayar har ƙarshenta, za ka ga an haɗa alkawarin da tsanani. Ba a taɓa kiran layin masu son tsananin ba. Kuma ga waɗanda suka bar gida da dangi saboda bishara aka yi alkawarin, irin 'yan'uwanmu da iyalansu suka kora ranar da suka karɓi baftisma. Gidaje da 'yan'uwan da aka ce za su samu, mu ne, ikkilisiya. Ayar bashi ce a wuyanmu.

Suna son misalin mai shuka a Markus 4. Yesu da bakinsa ya fassara shi a aya ta 14, ya ce irin Maganar Allah ce. Ya kuma lissafa ruɗin dukiya cikin ƙayayuwan da ke shaƙe ta.

Suna son Malakai 3:10 da tagogin sama. Amma a 3:5 na wannan sura Allah ya ce zai yi shari'a da masu danne hakkin ma'aikaci da gwauruwa da maraya. Bisa ga Maimaitawar Shari'a 14:28-29, zakkar shekara ta uku abincin Balawe ce da baƙo da maraya da gwauruwa. A Isra'ila gwauruwa tana cikin masu ci daga rumbun. Mu kuma mun sa ta cikin masu cika shi da bashi.

Gwauruwar nan mai anini biyu ma, a Markus 12, a duba abin da Yesu ya faɗa dab da zuwanta. A aya ta 40 ya kai ƙarar malaman Attaura da ke cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a. Ya yabi zuciyar matar, ya kuma riga ya yanke wa masu cin irinta hukunci. Ba inda aka rubuta cewa ta koma gida ta tarar da buhunan kuɗi.

Wurin da suka fi ƙarfi shi ne 2 Korantiyawa 9:6, domin a nan Bulus da kansa ya kwatanta bayarwa da shuka da girbi. To, me aka girba? Ayoyi 8 zuwa 11 sun faɗa: abin da zai ishe ku har ku yalwata cikin aikin kirki, amfanin adalcinku ya ƙaru, ku ƙara zama masu hannu sake, mutane su yi wa Allah godiya. Girbin mai bayarwa shi ne ya zama mutumin da ya fi iya bayarwa. Kuɗin kuma ba aljihun Bulus suka shiga ba, matalautan Urushalima aka kai wa. Bulus ɗin nan ya shaida a 1 Korantiyawa 4:11-12 cewa yana shan yunwa da ƙishi, ba tufafin kirki, ba wurin zama, yana aiki da hannunsa. Da shuka iri tana kawo riɓi 100 na kuɗi, da shi ne attajirin daular Roma.

Tambaya ɗaya nake so a yi wa duk mai wa'azin da ya zo da wannan koyarwa. In kura na maganin zawo, ta yi wa kanta mana. In naira ɗaya tana haifar 100, me ya hana shi ya shuka motarsa a hannun gwaurayen ikkilisiya ya jira motoci 100? Me ya sa kullum gonar da za a shuka a ciki aljihunsa ce? Annabi Elisha ya ƙi karɓar ko zare daga Na'aman bayan ya warke. Baransa Gehazi ne ya bi shi a guje ya karɓo azurfa da tufafi, kowa kuma ya san abin da ya biyo baya a 2 Sarakuna 5.

YADDA BAYARWA KE GIRMAR DA MUTUM

Kada wani ya ji wannan ya ce to, an ba mu izinin rufe hannu. A'a. Mai rowa ba ya girma cikin Kristi, ko ya haddace Zabura duka. Ga yadda abin yake aiki.

Na farko, zuciya tana bin dukiya. Yesu ya koyar da haka a Matiyu 6:21. Mu kan ɗauka sai mun ji ƙauna kafin mu bayar, alhali sau da yawa bayarwar ce ke jawo ƙaunar. Mutumin da ya ɗauki nauyin kuɗin makarantar maraya, kafin shekara ta zagayo za ka ji yana tambayar sakamakon jarrabawar yaron, yana kiran sunansa cikin addu'ar safe. Da, addu'arsa ba ta wuce ƙofar gidansa. Yanzu ta faɗaɗa. Wannan girma ne.

Na biyu, bayarwa tana karya tsoro. Abin da ke hana yawancinmu bayarwa tsoron gobe ne, ba mugunta ba. Manomin da ya ɗebi dami daga rumbunsa a watan Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya kusa ƙarewa sabo bai nuna ba, ya ba maƙwabcin da 'ya'yansa suka kwana da yunwa, ya koyi abin da ake nufi da roƙon abincin yini fiye da wanda ya karanta littattafai 10 a kan bangaskiya. Ba shi da takardar alkawarin cewa damin zai dawo. Allah kawai yake da shi, ya kuma gane cewa Allah ya isa.

Na uku, hidima tana kashe girman kai. A daren da aka bashe shi, Yesu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin bawa mafi ƙanƙanta a gida, Yahuza kuma yana cikinsu. Ba a koyon tawali'u a kan kujerar gaba. Ana koyonsa ne a bakin gadon asibiti, wajen zubar da fo na tsohuwar da ba danginka ba ce, wajen haƙa kabari, wajen share majami'a ranar Asabar ba mai kallo. A Ayyukan Manzanni 6 an zaɓi mutum bakwai domin rabon abinci ga gwauraye. Daga cikinsu Istifanas ya zama mai shaida na farko da ya ba da ransa, Filibus kuma ya kai bishara Samariya, ya yi wa Bahabashe baftisma. Daga kwanon abinci suka fara. Shi ya sa Bulus ya gaya wa Timoti cewa masu hidima da kyau suna samun gaba gaɗi cikin bangaskiya.

Yanzu a sa riba a cikin waɗannan uku a gani. Wanda ya shuka iri domin riɓi 100, zuciyarsa ba ta bi maraya ba, tana nan a kan kuɗinsa tana jiran su dawo. Tsoronsa bai karye ba, caca kawai ya yi da shi. Girman kansa ya ƙaru, domin an kira shi gaba an tafa masa. Ranar da kwasar ta ƙi zuwa kuwa, za a ce masa bangaskiyarsa ce ta gaza, ko irin ya yi kaɗan, ya ƙara. Duk makiyayin da ya daɗe a aiki ya zauna da irin waɗannan mutane: matar da ta sayar da keken ɗinkinta, magidancin da ya ba da kuɗin taki damina ta wuce shi. Sun rasa kuɗi, wasu kuma sun daina zuwa sujada, domin a ganinsu Allah ya ci amanarsu a kan alkawarin da bai taɓa yi ba. Shi ya sa Yesu ya ce a Luka 14, in za ka yi biki ka gayyaci matalauta da guragu da makafi, domin ba su da abin sāka maka. Rashin sakayyar shi ne maganin.

IN ƁERA DA SATA, DADDAWA MA DA WARI

Ba baƙin masu wa'azi kaɗai ke da laifi ba. Ikkilisiyoyi da yawa da ba su taɓa faɗin "shuka iri" ba suna nasu cinikin, sai dai da suna ake biya maimakon kuɗi. A ranar godiyar kaka ko taron gidauniyar gini, ana riƙe lasifika ana kiran suna da adadi, tafi yana bin girman kuɗin. Mai mota ya makara a tashi dattijo a ba shi kujera. Yakubu ya tsawata a kan wannan a sura ta 2 ta wasiƙarsa, Yesu kuma ya ce a Matiyu 6 mai busa ƙaho a kan sadakarsa ya riga ya karɓi ladansa. Hananiya da Safiratu ba rowa ce ta kashe su ba, sun bayar ai. Sunan da Barnaba ya samu suka so, ba tare da zuciyar Barnaba ba. Ana gasar hasumiya da tayil a birni, mai bisharar da muka aika daji yana wata huɗu ba a biya shi ba.

Akwai kuma wata hujja da ta fi waɗannan kama da gaskiya. Ana cewa, mu 'yan tsiraru ne, mu ne ake hana filin gini, mu ne aka ƙone wa majami'u, mu ya kamata a ba. Wahalar gaskiya ce, ba mai musun ta. Amma ikkilisiyar da ta ɗauki kanta mai karɓa kawai za ta tsufa tana jaririya. Ikkilisiyoyin Makidoniya da Bulus ya kafa misali da su a 2 Korantiyawa 8 'yan tsiraru ne a garuruwansu, suna cikin tsanani da matsanancin talauci. Su suka roƙi Bulus kada ya cire su daga gudummawar, kuma mutanen da suka aika wa wata kabila ce dabam a wata ƙasa, ba su taɓa ganinsu ba.

Mu tuna yadda bishara ta zo mana. Samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, sun sauka Legas a 1893. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Wane riɓi 100 suka kwasa? A shekarun 1930, lokacin da ba a yarda da wa'azi a fili a masarautu da yawa ba, ƙofar da ta buɗe ita ce jinyar masu cutar kuturta, a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Haka a Garkida, inda aikin 'Yan'uwa ya fara a 1923, haka a Galmi ta Jamhuriyar Nijar, inda aka buɗe asibiti a 1950. Wankin gyambo ne ya yi wa'azin da baki bai samu damar yi ba. Iyayenmu kuma ba su tsaya a karɓa ba. A 1948 aka kafa ƙungiyar aika masu bishara 'yan ƙasa wadda yau muke kira EMS. Manoma masu biyan haraji da ƙyar su suka riƙa ba da dawa da kaji da ƙwai domin a aika 'ya'yansu inda bishara ba ta kai ba. Ba su kai mu kuɗi ba, amma wa zai ce mun kai su girma?

In ana so a ga abin da talaka zai iya yi da ɗan abin da ke madafinsa, akwai misali daga nesa. A Mizoram, cikin duwatsun arewa maso gabashin Indiya, sama da shekara 100 da suka wuce, Kiristocin wurin kaɗan ne kuma matalauta. Matansu suka ɗauki wata al'ada: duk lokacin da za a ɗora tukunya, uwar gida ta ɗebi shinkafa cikin tafin hannu ɗaya ta ajiye gefe saboda aikin Ubangiji. Ana tarawa a sayar. Da farko mata masu bishara aka riƙa tallafa wa da kuɗin. Al'adar ta ɗore, ta kuma taimaka wa ikkilisiyar wurin ta aika ɗaruruwan masu bishara ba tare da jiran Turai ba. Ba a kiran sunan kowa, ba a yi wa kowa alkawarin buhu. Wace Zumuntar Mata ce a cikinmu ba za ta iya wannan da masara ko gero ba?

HAR DA WAƊANDA BA NAMU BA

Gwajin da ya fi wuya shi ne hidima ga wanda ba ya cikin garkenmu. Galatiyawa 6:10 ta sa 'yan'uwa masu bi a gaba, amma ta ce a yi wa kowa alheri. Ikkilisiyar farko 'yan tsiraru ce da ake farauta. Duk da haka, wajen shekara ta 251, ikkilisiyar Roma tana ciyar da gwauraye da mabukata fiye da 1,500. A waɗannan shekaru annoba ta faɗa wa birnin Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, mutane suna jefar da majinyatansu a titi. Bishop Kifriyanus ya tara masu bi ya ce su yi jinyar kowa, har da waɗanda suka tsananta musu. A 362 Sarki Yuliyanus na Roma, wanda ya bar bangaskiya yana ƙoƙarin dawo da bautar gumaka, ya rubuta wa babban firist ɗinsa na Galatiya yana kukan cewa Kiristoci suna ciyar da matalautansu har da na masu bautar gumaka. Maƙiyi ne ya ba da wannan shaida.

A zamaninmu ma an gani. Da Boko Haram ta ci Mubi da garuruwan kewaye a 2014, dubban mutane suka kwarara Yola. Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar babbar majami'ar Katolika ga masu gudu, aka ciyar da Kirista da Musulmi. Da aka gina wa waɗanda suka kasa komawa gida matsuguni, aka buɗe a 2021, har masallaci aka gina wa Musulmin cikinsu. Wasu sun yi gunaguni. Amma mu tuna kuma da Yunin 2018 a ƙauyen Nghar na Barikin Ladi, inda Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum fiye da 200, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. Bai tambaye su abin da za su biya shi ba. Yesu ya taɓa ɗaukar Basamariye ya koya wa malamin Attaura ma'anar maƙwabci. In mai karatu ya ji kunya a nan, kunya ce mai amfani.

AMSA GA MASU TAMBAYA

Wani zai ce, ashe Allah ba ya sa wa mai bayarwa albarka? Yana sawa. Hausawa ma sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Uba ne, yana lura da 'ya'yansa, sau da yawa yana biyan bukata ta hanyar da ba a zata ba. Amma kyautar uba dabam, biyan bashi dabam. Allah bai ci bashin kowa ba. Ya riga ya ba da Ɗansa tun muna masu zunubi, duk abin da muka sa a kwanon baiko godiya ce a kan abin da aka riga aka yi mana.

Wani kuma zai ce, to fasto ya ci me? Nassi ya ce mai aikin bishara ya ci daga bishara, ikkilisiyar da ke barin makiyayinta da yunwa tana zunubi, tana kuma tura shi ga jarabar sayar da addu'a. A yanka masa albashi sananne, a biya a kan lokaci, a rubuta. Wannan hakki ne. Sayar da man shafewa da hankici da ɗora hannu ba hakki ba ne, kasuwa ce a Haikali, mun kuwa san abin da Ubangiji ya yi da teburan masu canji.

ABIN DA NAKE ROƘON DATTAWA

Kada a ba kowane baƙo bagadi sai an san koyarwarsa, a kuma gaya masa tun a ƙofa cewa ba a kiran layin kuɗi a nan. A daina karanta suna da adadi a gaban jama'a. Mutum biyu ko uku su ƙirga baiko, a karanta rahoton kuɗi a fili, yadda Bulus ya nemi wakilan ikkilisiyoyi su raka gudummawar Urushalima domin kada a sami abin zargi. A ware kaso sananne domin gwauraye da marayu da waɗanda aka kora saboda bangaskiya, kada a taɓa shi domin siminti. A biya mai bisharar daji kafin a sayi sabuwar lasifika. Kowane mai baftisma, mai digiri ko mai fartanya, a ba shi hidimar da zai yi da hannunsa: gaida marasa lafiya, ziyarar kurkuku, gayyar noma a gonar gwauruwa, koya wa yara karatu. A kuma nemi aƙalla gida ɗaya na maƙwabtanmu da ba Kirista ba da ke cikin wahala, a taimake su ba da sharaɗi ba.

Kai kuma ɗan'uwa, ke 'yar'uwa, kafin Lahadi mai zuwa ka tambayi kanka: da a ce na tabbata wannan kuɗi ba zai dawo ba, ba kuma wanda zai san ni na ba da shi, zan bayar? In amsar i ce, bayar da murna, kana girma. In a'a ce, kada ka fasa bayarwa, amma ka fara durƙusawa ka ba da kanka ga Ubangiji kamar yadda mutanen Makidoniya suka yi, sa'an nan hannu ya biyo baya.

Ubangiji ya ba mu zuciyar Ɗansa, wanda yake mawadaci amma ya zama matalauci saboda mu. Alherinsa ya kasance tare da ku duka. Amin.